Hannun Baba a Gefen Hoto

Akwai wani mai aikin hoto da kowa yake kira Mai Launi. Laƙabin ya bi shi har ya danne sunansa na yanka. Mahaifiyarsa ce kaɗai ba ta karɓi sunan ba, ita Auta take ce masa har gobe, duk da gemun da ya cika masa fuska.

Ba irin masu hoton biki ba ne da ke cewa a matso a yi murmushi. Shi harkarsa itatuwa ce da furanni da bakin kogi. Zai ɗauki hoton ganye ya zuba a kwamfuta, sannan ya shimfiɗa masa hoton tsohuwar takarda a kai, ko na bangon da ya tsattsage, ko na saƙar buhu. Sai ya yi ta rage ƙarfin na saman har ya koma kamar mayafi shara-shara, ana hango ganyen ta ƙarƙashinsa.

Daga nan sai ya bi launukan ɗaya bayan ɗaya yana kashe musu kaifi. Ja ya koma ruwan hoda, kore ya koma kamar an wanke shi sau goma, shuɗi ya yi fari-fari. In ya gama ya sa a firam, sai ka tsaya kana kallo ka manta abin da ya kawo ka.

Maganar gaskiya, ya iya. Otal-otal da ofisoshi rububin aikinsa suke yi. Matsalar dai ita ce iyawar ta hau masa kai, ta zauna daram.

Yana da wata ɗabi'a da yake taƙama da ita: ba ya ajiye ɗanyen hoto. Da zarar ya gama gyara, sai ya haɗe duk shimfiɗun nan su zama abu ɗaya, ya ajiye sabon a kan tsohon. Tsohon ya tafi ke nan. Abokan sana'arsa sun sha ce masa ya riƙa barin kwafi ko da ɗaya ne. Sai ya taɓe baki ya ce, “Kun taɓa ganin tela yana adana ƙyallen da ya yanke?” Bawan Allah bai san teloli sun fi kowa tara ƙyalle ba.

Mahaifinsa kuwa, Baba Mai Lambu, ya shekara talatin da ɗoriya yana sayar da dashen itatuwa da furanni a wani fili da yake haya a gefen titi. Baƙaƙen ledoji cike da ƙasa a jere, duro biyu na ruwa, da benci mai ƙafa uku wanda bulo ya cike masa ta huɗu. Da lambun nan ya ciyar da gida. Da shi kuma ya sayi kyamarar farko da Mai Launi ya taɓa riƙewa.

Baba mutum ne da ba ya yarda a ɗauke shi hoto. Ko taro ake yi a gida, yana ganin an ɗaga waya sai ya tuna yana da aiki a waje.

“Me za a kalla a fuskar nan?” yake cewa. “Ku je ku ɗauki fure, shi aka yi wa kyau.”

Hotonsa ɗaya ne a duniya, na jikin katin shaida. Shi ma ya koɗe har Inna, matarsa, takan ce wannan ba mijinta ba ne, wani ne da aka kama da laifi.

Ana nan sai Yaya, babbar 'yarsa, wadda ke aikin jinya, ta saya masa waya mai kyamara don a riƙa samunsa. Ashe aiki ta tono. Tsohon da ba ya so a ɗauke shi ya zama ba shi da abin yi sai ɗauka.

Kullum da safe in ya gama ban ruwa, zai bi layin ledojin nan ya ga wanne ya buɗe. Da yake iska tana kaɗa reshe, sai ya riƙe shi da hagu ya ɗauka da dama. Saboda haka da wuya ka ga hoton da hannunsa bai fito a gefe ba. Yatsu masu kaushi, ƙasa a bakin farce, babban yatsa mai tsagaggen farce tun ranar da almakashin datse reshe ya kama shi, da zoben azurfa da ya lotsa ta gefe ɗaya. Wani lokacin kuma inuwarsa ce take faɗowa kan furen, har da malafarsa.

Kuma ba ya tura wa kowa sai Mai Launi. A ganinsa ɗansa ne masanin hoto, shi ya kamata ya gani. Kowace safiya sai wayar Mai Launi ta yi ƙara. Hoto ne, da ɗan rubutu a ƙasa: “Auta ka ga wannan ya buɗe.”

Da farko yana amsawa da “Ya yi kyau Baba.” Daga baya ya fara koyar da shi.

“Baba, ka riƙa cire hannunka mana. Kuma launin nan ya yi ihu da yawa.”

Baba ya yi dariya ya ce, “To ni na shafa masa launin? Haka ya fito. Hannu kuwa in na cire, iska ba za ta bari ba.”

Daga ƙarshe Mai Launi ya shiga wayarsa ya hana hotunan sauka da kansu, wai suna cika masa waya. Saƙo zai shigo, ya ga hoton dishi-dishi da alamar saukewa a tsakiya, ya wuce abinsa. Baba bai sani ba. Ya ci gaba da turawa kowace safiya.

Rashin lafiyar ba ta yi tsawo ba. Ranar da jiri ya fara ɗibarsa a lambu, wayar ta suɓuce daga hannunsa ta faɗa duro. Kwana tara ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Kafin wata uku mai filin ya kwashe ledojin ya zuba harsashin shaguna.

Wayar ba ta sake tashi ba. Amma Yaya ta zare memorin da ke ciki ta shanya shi, aka gwada, sai ga shi ya buɗe. Hotuna ɗari huɗu da wani abu. Duk abin da ya rage na Baba da lambunsa ke nan, a cikin ɗan abin da bai kai farce ba.

Ita kuma Inna idonta ya daɗe yana ja da baya. Likita ya gaya wa Yaya gaskiya, ba ciwon da aiki zai gyara ba ne, sannu a hankali zai ci gaba da rufewa. Abu mai ƙarfin launi tana ganinsa, kamar baƙi da ja da kore shar. Abu mai haske-haske kuwa, hayaƙi ne kawai a wurinta.

Wata rana da yamma ta kira Mai Launi ɗakinta. Yaya tana zaune a bakin gado tana ninke mata kaya.

“Auta,” in ji Inna, “akwai wani hoto a cikin abin nan. Babanku ya nuna mini shi a waya. Jan furen nan ne babba da ya shekara biyu yana lallaɓawa. Ya riƙe shi, zobensa ya fito sosai. Shi nake so ka wanke mini, ƙato, ka sa a firam a rataye mini nan saitin gado. Tun ina iya gani.”

“An gama, Inna,” ya ce, idonsa a kan waya. “Zan ma yi miki wanda ya fi shi.”

“Ni ban ce wanda ya fi shi ba. Shi na ce.”

Yaya ta ajiye zanen da ke hannunta. “Kafin ka tafi da memorin, kwafe mini su a wayata.”

“Haba Yaya, hotunan nan ɗanyu ne. Ki bari in gyara su tukuna, sai in ba kowa.”

“Ni ɗanyun nake so.”

Ya yi irin murmushin nan nasa mai ban haushi. “Kowa fa da aikinsa. Ni na taɓa zuwa asibiti na koya miki allura?”

Yaya ta harare shi, ta daɗe tana jujjuya memorin a hannu. Sannan ta naɗe shi a takarda ta miƙa masa. “Amana ce, Auta.”

“Na ji,” ya ce, ya jefa a aljihu.

Washegari ya zauna a ɗakin aikinsa ya kwafe hotunan a kwamfuta ya buɗe su. Ashe tsohon nan yana da ido. Ya san lokacin da hasken safiya yake kwanciya a kan ganye, ya san inda raɓa take taruwa. Nadama ta fara taso wa Mai Launi, don yawancin hotunan nan yau ya fara ganinsu, alhali duk an turo masa.

Da ya bi wannan abin da ya taso masa, da labarin nan bai kai ga kunnenku ba. Amma sai ya haɗiye shi, ya gyara zama, ya ce a ransa, “Kayan aiki ne masu kyau. Hannun nan ne kawai ya ɓata su.”

Dama akwai wata mai shagon kayan adon gida da ta daɗe tana roƙonsa ya baje kolin aikinsa a zauren saman shagonta. Nan take ya kira ta ya ce ya shirya. Har suna ya raɗa wa abin: Lambun Mahaifina. A ransa karrama Baba zai yi, irin karramawar da duk gari zai gani.

Sati biyar yana kansu. Ya zaɓi arba'in, sauran ya ce ba su yi ba, ya goge su daga kwamfutar har kwandon shararta ya share. Arba'in ɗin nan kuwa ya bi su da ɗan alƙalaminsa na kwamfuta, yana ɗebo ganye daga gefe yana rufe yatsun Baba ɗaya bayan ɗaya. Inda inuwa ta faɗo, ya haskaka wurin har ta ɓace.

Jan furen Inna ne ya fi ba shi wahala, kwana uku ya ci masa. Zoben nan ya ƙi ɓoyuwa, sai da ya aro ganye daga wani hoton ya lulluɓe shi. Ya shimfiɗa masa tsohuwar takardar wasiƙa, ya ƙara da saƙar buhu sama-sama, ya lallashi jan nan har ya koma ruwan hoda mai sanyi. Ya jingina da kujera yana kallo, ya ce in Inna ta ga wannan za ta manta da wancan. Sannan ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya haɗe, ya ajiye a kan tsohon.

Ana cikin haka aka ba shi aikin ɗaukar wani kogi. Da safen da zai tafi ya tarar duk memorinsa a cike. Idonsa ya faɗa kan na Baba a gefen tebur, yana nan a naɗe cikin takardar Yaya. Ya sa shi a kyamara. Kyamarar ta tambaye shi ko ya tabbata a goge komai. Ko daƙiƙa biyu bai yi ba ya danna. “Ai suna kwamfuta,” ya ce. Kwana biyu yana ɗaukar ruwa da duwatsu har memorin ya cika maƙil.

Sau biyu Yaya tana kiransa a kan hoton Inna. Amsarsa ɗaya ce: “Ku dai zo ranar buɗewa.”

Ranar buɗewa zauren ya cika. Fitilu a saman kowane firam, mutane suna zagayawa a hankali suna gyaɗa kai. Mai Launi ya tsaya ya yi jawabi a kan mahaifinsa, yadda ya tashi a cikin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, har muryarsa ta yi rawa. Aka tafa masa. Kuma ba ƙarya yake yi ba, da gaske yana kewar tsohon.

Can sai ga Yaya ta riƙo hannun Inna suna hawowa bene, mataki ɗaya su huta. Inna ta sa kayanta mafi kyau. Mai Launi ya tare su da sauri, ya kai ta gaban babban firam ɗin da ke tsakiyar bango.

“Ga naki, Inna.”

Inna ta ɗaga kai. Ta matsa. Ta ƙara matsawa har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

“Auta, ba a rataya ba tukuna?”

“Ga shi a gabanki, Inna.”

“Ni farin bango nake gani.”

Yaya ta sunkuya ta ce mata a hankali, “Furen ne, Inna. An dai rage masa launi.”

Inna ta ɗora tafinta a kan gilashin, ta shafa zuwa gefen hagu, inda ta san hannun yake. “To nuna mini zoben. In na ga zoben zan gane sauran.”

Yaya ta juyo tana kallon ƙanenta.

“Na ɗan gyara shi ne, Inna,” ya ce. “Hannun yana janye ido daga furen.”

“Sauran fa? Akwai masu inuwarsa da malafa.”

“Su ma na gyara.”

Inna ta juya kanta tana bin bangon nan huɗu da ɗan ganin da ya rage mata. Sannan ta yi tambayar da har yau take hana shi sakewa.

“To ina Babanku a lambun nasa?”

Ita ce ma ta rufa masa asiri, ta dafa kafaɗarsa ta ce, “Ba komai. Ya yi wa mutane kyau, Allah ya sa albarka. Ni dai ka ba ni nawa, wanda ba a gyara ba.”

“To Inna, gobe,” ya ce. A nan gabansa ya yanke ya faɗi, don sai a lokacin ya tuna da tambayar da kyamara ta yi masa.

Da suka sauko, Yaya ta zaunar da Inna a mota ta dawo ta same shi a ƙofar shago.

“Ina memorin?”

Ya fara kame-kame. Ta ce ya dube ta. Ya gaya mata.

Ya ɗauka za ta yi masa ihu, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Kallonsa kawai ta yi, idonta ya ciko. “Na roƙe ka ka kwafe mini. Minti biyu ne, Auta.” Ta share ido da gefen mayafi. “Ba ni zan gaya mata ba. Kai za ka gaya mata.”

Da sassafe ya kwashi memorin da kwamfutar ya nufi wurin wani mai gyaran waya da aka ce babu abin da ba ya dawowa da shi. Shago ne ɗan ƙuƙut, tebur cike da wayoyin da aka farke. Mai gyaran ya jona memorin ya ce a jira. Mai Launi ya zauna a kan benci tun hantsi har rana ta karkata, ko ruwa bai iya sha ba.

Hotuna suka fara fitowa. Kogi. Duwatsu. Kogi. Kogi.

Mai gyaran ya cire tabarau ya ce, “Malam, da gogewa kawai ka yi, da na dawo maka da su. Amma ka zuba sabo a kai har ya cika. Inda suke zaune wani ya zauna. Kwamfutar ma haka, sati nawa kana loda mata manyan ayyuka.”

“Ko ɗaya?”

“Ko rabin ɗaya.”

To jama'a, a nan ne ya kamata mutum ya tafi ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Amma wanda ya saba gyara komai da hannunsa, ko laifinsa ma gani yake zai gyaru.

Ya je wani lambun ya sayi jan fure irin wancan. Ya sayi zoben azurfa ya ƙwanƙwasa shi da dutse har ya lotsa. Ya cusa hannunsa a ƙasa, ya riƙe furen, ya ɗauka. A kwamfuta ya ƙara wa fatar duhu da kaushi, ya zana tsaga a farcen babban yatsa. Wannan karon bai taɓa launin ba, ya bar jan yana ihunsa. Ya wanke shi ƙato ya sa a firam. Shi kansa da ya kalla sai da tsigar jikinsa ta tashi.

Washegari da la'asar ya kai wa Inna. Yaya tana nan, ta ga hoton, ta gane, ta kawar da kai.

Inna ta sa ya jingina firam ɗin a kan cinyarta. Fuskarta ta washe. “Yauwa, ga ja nan. Wannan ina ganinsa.”

Mai Launi ya sauke ajiyar zuciya.

Ta kai fuskarta kusa, ta bi hoton daga furen zuwa gefen hagu. Ta daɗe a wurin. Murmushin ya fara janyewa.

“Auta, kawo hannunka.”

Ya miƙa mata. Ta riƙe tana shafa yatsun, masu laushi kamar ba su taɓa ɗaukar bokiti ba.

“Babanku ba ya kama fure ta wuya,” ta ce. “Ta ƙasa yake tallafo shi, kamar yadda ake tallafe kan jariri. Shekara arba'in ina kallon hannun nan. Wanda ya riƙe wannan so yake furen ya tsaya masa dole. Wannan hannunka ne.”

Ya zube a gaban gadon ya faɗa mata komai, tun daga sati biyar ɗin nan har zuwa kogi da mai gyaran waya.

Inna ta saurara har ya gama. “Ba ka bar ko ɗaya ba?”

“Ko ɗaya, Inna.”

“Da ka ce mini faɗuwa ya yi ya ɓata, da na ce ƙaddara ce,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. “Amma zama ka yi, ka bi shi yatsa-yatsa ka goge.”

Kuka ya ƙwace masa, irin wanda bai yi ba ko ranar rasuwar.

Suna cikin haka Yaya ta zabura. “Tsaya. Ba kai Baba yake tura wa hotunan kullum ba? Duba wayarka!”

Ya buɗe hirarsa da Baba a wayar. Ga su nan jere, sama da ƙasa, safiya bayan safiya. Duk dishi-dishi, duk da alamar saukewa a tsakiya, babu wanda aka taɓa buɗewa. Ya yi ta ja har ya iso kan wani mai jan dunƙule a tsakiya. Akwai rubutu a ƙasansa. Ya kasa karantawa, Yaya ta karɓa ta karanta a fili.

“Auta yau ya buɗe, shekara biyu ina jiransa. Na so in cire hannuna yadda ka ce, iska ta hana. Ka yi haƙuri.”

Ƙarƙashin saƙon babu amsa.

Yaya ta mayar masa da wayar. Ya danna alamar saukewa. Ɗan da'irar ya fara juyawa, su uku suka zuba wa wayar ido, har da Inna da ba ta ganin komai a ciki. Ya juya, ya juya. Sai rubutu ya fito cewa hoton ba ya nan, a nemi wanda ya turo ya sake turowa.

Ya gwada na sama. Ya gwada na ƙasa. Amsar ɗaya ce.

“Ba ni wayar,” in ji Inna.

“Inna, ba a ganin komai. Bai sauka ba, dishi-dishi ne.”

“Ba ni dai.”

Ta kai ta dab da idonta. Jan dunƙule ne a tsakiya, kore a kewaye, sai wani duhu-duhu da ya shigo ta ƙasan hagu, da ɗan ɗigon haske a jikinsa.

“Ga shi nan,” ta ce. “Ga furen. Ga hannunsa ta ƙasa, ka gani? Ga zoben.”

“Inna, ai bai fito ba.”

“Ni yanzu komai haka nake ganinsa, Auta. Wannan za ka wanke mini. Kuma kada ka taɓa shi.”

Haka aka yi. Ya ɗauki hoton fuskar wayar yadda yake, ya wanke shi ƙato. Bai shimfiɗa masa komai ba, bai rage ba, bai ƙara ba. Ya rataye shi saitin gadon Inna da hannunsa. Wata bakwai ta yi tana kallonsa kafin idon ya rufe gaba ɗaya. Har yanzu in ta tashi da safe can take fuskanta.

Mai Launi bai bar sana'arsa ba. Yana nan yana shimfiɗa takarda a kan ganye yana sanyaya launi. Sai dai yanzu duk hoton da ya shigo hannunsa, kafin ya taɓa shi sai ya ajiye asalinsa a wuri uku. In wani ya kawo masa hoto ya ce a cire wani abu a gefe, sai ya tambaya, “Na wane ne?” Hotuna arba'in ɗin nan kuwa ya sauke su tun kafin su cika sati a rataye. Mai shagon ta yi ta roƙo, ya ce ba na sayarwa ba ne. Suna jingine a ɗakin aikinsa, fuskarsu tana kallon bango.

Kwanaki wani abokin sana'arsa ya zo gaida Inna. Yana shiga ɗakin ya tsaya cak a gaban firam ɗin.

“Kai, Mai Launi! Wannan ai ya fi duk ayyukanka. Dubi laushi, dubi yadda launin ya narke. Wace irin shimfiɗa ka ɗora masa?”

Mai Launi ya daɗe yana kallon duhun nan na ƙasan hagu.

“Ban ɗora masa komai ba,” ya ce. “Ban buɗe shi ba ne lokacin da aka turo mini.”

Darasi: Ƙwarewa ba ta ba ka ikon raina abin da iyayenka suka yi da hannunsu ba. Abin da kake gani aibi ne a gefen hoto, wataƙila shi ne duk abin da wani yake nema a ciki. In an ba ka amana, ka yi abin da aka roƙe ka kafin ka yi abin da kake ganin ya fi, kuma kada ka goge asali don ka iya kwalliya. Wanda duk yake da saƙon mahaifi ko mahaifiya da bai buɗe ba, ya buɗe yau ya amsa, tun mai turowa yana nan. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai labarin nan, wataƙila akwai wanda wayarsa take cike da irin waɗannan saƙonni.